Farashi Uku da Madubin Bakin Ƙofa

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga 'ya'yana uku: Babba, Uwata da Auta.

Da hannuna nake rubuta wannan, a kan teburin ɗakin baya na shagon magani, inda muke tara katan. Hankalina na jikina, ba wanda ya tsaya a kaina, kuma ba ƙwayar da na sha ce ke magana ba. Mai shakka ya tambayi dilan da ya kawo kaya shekaranjiya: ya rubuta kwali sittin a rasit, na ƙirga hamsin da takwas daga inda nake zaune, ko miƙewa ban yi ba. Ƙafa ce ta ƙi, zuciya kuma likita ya ce ta gaji. Ya rubuto mini magani kala huɗu, na duba takardar na gane inda aka dosa. Shekara talatin da takwas ina karɓar irin wannan takarda daga hannun mutane. Na san wadda ake rubuta wa mai warkewa, na san wadda ake rubuta wa wanda ake lallaɓawa.

Rabon gado ba aikina ba ne. Allah ya riga ya yanka wa kowa nasa, ku nemi wanda ya san lissafin ya raba muku. Abin da ya rage a hannuna sulusi ne da bakina, kuma duka biyun zan yi amfani da su.

Na ɗaya. Bashin da ake bi na. Dila yana bi na dubu tamanin da huɗu. Zai ce tamanin da bakwai ne, zai zo ta'aziyya da jan ido ya ce ni ubansa ne a harka. Ku bar shi ya yi kukansa, ku ba shi ruwa, ku biya tamanin da huɗu. Hayar shago na biya har ƙarshen shekara, rasit ɗin na cikin aljihun tebur na hagu. Mai harhaɗa magungunan da muke hayar lasisinsa, ga shi rataye a bango, wanda ke leƙo mu sau ɗaya a wata ya karɓi nasa, ku biya shi na wannan watan ku sallame shi da takardarsa. Akwai sauran bashi ɗaya, shi ne babba duk da shi ne mafi ƙanƙanta. Zan zo kansa.

Na biyu. Bashin da nake bi. Yana cikin littafi mai koren bango. Sunan da na zagaye da biro, ku yafe, kada ma ku bari mai shi ya san kun gani. Sunan da na ja wa layi, mai shi yana da hali, taurin hannu ne kawai. Ɗan kwangilar nan mai farar mota shekara biyu ke nan yana mini gobe. Ku duba abin da ya ɗauka bashi za ku gane yadda za ku yi da shi: in Babba ya same shi cikin abokansa ya fara karanto sunan maganin da ɗan ƙarfi, kafin ya kai ƙarshen kalmar an biya.

Na uku. Yadda shagon nan yake ci, tunda ba wanda ya taɓa tambayata. Kun tashi kuna ganin ana miƙo kuɗi ta saman kantar shago, kuka ɗauka duka namu ne. Kwalin da na saro ɗari huɗu, kafin ya hau katako ya riga ya ci hamsin: kuɗin mota, haya, wutar firij, man janareta, da kasonsa na 'yan'uwansa da wa'adinsu zai cika ba a saya ba. In na sayar da shi ɗari biyar da hamsin, ɗari ce tawa. Magani mai tsada kuwa, irin allurar masu ciwon suga da ake ajiyewa a sanyi, suna ne kawai. Ka zuba dubu tara ka ɗauki ɗari huɗu, firij ya tsaya wuni ɗaya ribar wata shida ta tafi. Ana ajiye shi ne don mai ciwon ya saba da ƙofarka.

Kuɗin yana cikin ƙananan abubuwa: ruwan ƙarin jini, maganin tari, man shafawa, bitamin mai kyan kwalba. Ka saro sittin ka sayar ɗari biyu, a yi maka godiya. Babba, karatunka da kuɗin ƙarin jini aka yi shi, tun daga aji ɗaya har digiri. Auta kai da maganin tari aka yi maka.

Kowane magani kuma yana da ɗan'uwa: akwai mai sunan babban kamfani, akwai na gama-gari. Sinadari ɗaya, aiki ɗaya, kwali ne ya bambanta. Na gama-garin ya fi sauƙi ga mai saye, ya fi riba ga mai shago, amma akwai mutumin da in ka miƙa masa mai araha sai ya ji ka raina shi, ciwon ma ya ƙi tafiya. Wakilin kamfani kuma in ya ce ku sayi goma ya ƙara muku biyu, ku juya kwalin ku duba kwanan wata kafin ku yi masa murmushi.

Na huɗu. Wannan Uwata ta sani, ku biyun ba ku sani ba. A ƙasan kowane kwali akwai lamba uku da na rubuta da fensir. Ta farko farashin talaka, ba riba sai dai kar a yi asara. Ta biyu farashin kowa. Ta uku farashin mai hali. Takardar likita ba ta zuwa da farashi, mai ciwo kuma ba ya ciniki kamar mai sayen yadi, abin da ka faɗa shi zai biya ko ya juya. To ta ina ake gane wanda za a faɗa wa wacce? Ba ta riga ba, riga ana aro, ana guga. Ba ta baki ba, mai hali ya fi kowa kukan babu. Ta ƙafa nake ganewa, don mutum yana shirya ko'ina na jikinsa ya manta da ƙasa. Sai dai kanta tana rufe ƙafar mai saye. Shi ya sa na kafa ɗan madubin nan a ƙasa, gefen ƙofa, a karkace. Kowa ya ɗauka don masu ɗauke-ɗauke ne. Kafin mutum ya gama sallama na riga na yanke masa farashi.

Mahaifiyarku, Allah ya ji ƙanta, ta sha cewa ban san kalar fuskar kowa a unguwa ba, amma na san wanda ya sake dunduniya. Ni kuma ina gaya wa kaina daga mai shi nake ɗauka in sauƙaƙa wa marar shi. Akwai gaskiya a ciki. Ba duka ba. Kwanan nan da zama ya yi yawa na bi littattafan baya na ƙirga: abin da na ɗora wa masu takalmin fata ya ninka abin da na rage wa masu silifas sau huɗu. Saura aljihuna ya shiga.

Na biyar. Mai gyaran takalmin bakin tasha, wanda kuke ce wa Mai Basilla.

Shekara goma sha biyu ke nan ya fara shigowa da takardar maganin hawan jini. Ban san shi ba. Madubi ya nuna mini baƙin takalmin fata, sabo, irin wanda ba a samu a kasuwarmu. Maganin ɗari huɗu nake sarowa, na kowa ɗari biyar da hamsin. Na ce masa dubu ɗaya da ɗari biyu. Ya juya baya ya ƙirga, ya juyo ya biya. Na ƙara masa da cewa nawa na asali ne, kada ya yarda da na bakin titi. Wannan ɗin gaskiya ne, kuma shi ya ɗaure shi a ƙofata.

Da wata ya zagayo ya dawo da silifas, igiyar ɗaya an ɗaure ta da waya. Ashe wancan takalmin na wani mai kuɗi ne da ya saya ya matse shi, ƙafarsu ɗaya, ya ba shi ya taka masa kwana biyu ya saki. Aikinsa yake yi ranar da na gan shi.

Nan ya kamata in gyara. Amma in na ce masa ɗari biyar da hamsin zai tambayi ina sauran kuɗinsa na watan jiya, kuma mai gyaran takalmi a bakin tasha yana hira da mutum ɗari a rana. Cikin mako ɗaya duk masu takalmin fata za su san nawa nake sayar wa masu silifas. Sai na sake cewa dubu ɗaya da ɗari biyu, na ce a raina wata mai zuwa zan san dabara.

Shekarar farko ya zo sau goma sha biyu. Ta biyu sau takwas. Ta uku sau shida. Maganin kwana talatin ne. Kada wani ya ce muku ban lura ba. Ni da nake gane kwali biyu sun ɓace cikin sittin, ba zan kasa gane mutum ɗaya ya fara jinkiri ba. Na ce wa kaina wataƙila yana saye a wani wuri.

Lokacin ne Uwata ta gama karatun harhaɗa magunguna, ta rataye lasisinta a bangon nan, ni kuma na bi layi ina gaya wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Watanta biyar a shago ta auna jininsa, ta ga abin da ta gani, ta tambaye shi yadda yake shan maganin. Ya ce da wuƙar yankan fata yake raba ƙwayar biyu, wata rana ma ya tsallake, don maganin likita ba na talaka ba ne. Bayan ya fita ta juya kwalin ta ga fensir.

Uwata, a ɗakin nan kika rufe ƙofa kika yi mini magana. Kika ce a kira shi yanzu a mayar masa da kuɗinsa a ba shi magani cikakke. Na ce ki ba ni zuwa ƙarshen wata in samo hanyar da zan sauke masa ba tare da na ji kunya ba, na kuma ce ban yarda ki je wurinsa ba. Kika yi mini biyayya. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ya faɗi a wurin aikinsa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Kika cire lasisinki daga bango kika koma aiki a asibiti. Na san ba ni kaɗai kika kasa yafe wa ba, har da kanki, saboda wannan biyayyar. To ga shi na rubuta da hannuna, 'yan'uwanki shaida ne: ke kin faɗi gaskiya a kan lokaci, uba ne ya hana. Ki sauke wannan kayan, nawa ne.

Babu likitan da zai rantse cewa rabin ƙwayar ce ta jawo. Na daɗe ina fakewa da wannan. Wuri ne mai zafi, ba na ba ku shawarar zama a cikinsa.

Na je asibiti na biya wani abu, na ce masa akwai tallafin da kamfani ke ba masu irin ciwonsa, na sa sunansa. Babu wani kamfani. Shekara tara ke nan yana karɓar maganinsa daga kan katakona, yana yi wa kamfani addu'a, yana yi mini. Sau ashirin da shida ya saya a hannuna, kowane na ɗora masa ɗari shida da hamsin a kan farashin kowa. Dubu goma sha shida da ɗari tara. Bai kai kuɗin tayar motar Babba guda ba. Wannan ne bashin da na ce zan zo kansa. Ku fitar da shi tare da na dila, kafin a taɓa gado.

Tun da jiki ya ƙi na dawo da gadona ɗakin bayan nan, don gidan ya yi mini yawa, ɗaki biyar ba motsin kowa. A nan ko banza ina jin ƙarar firij. Babba kana kira ran Lahadi daga cikin mota, ina jin kana yi wa wani hon. Auta kana turo saƙon murya daga inda kake, ina sauraron kowane sau uku. Uwata ran Juma'a, minti biyu, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ba a taɓa zancen shago. Ba ƙorafi nake ba, kowa da abin da ke gabansa, kuma ni na koya muku cewa wanda ya bar kanta ya bar kuɗi. Amma mutum ɗaya ke zuwa ya zauna. Duk Alhamis yana jawo ƙafarsa daga tasha, da sanda, da lemu biyu a aljihu. Ya matse takalmina tsakanin gwiwoyinsa ya ɗinke da hannu ɗaya, takalmin da ba inda zan je da shi. Yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa bai taɓa ganin mai tausayi irina ba. Shi ma ɗin ba ni yake zo wa ba. Wani mutumin kirki ne da na ƙirƙira masa, ni kuma in zauna a gefe ina kallon su biyu suna hira.

Na shida. Sulusina. A ware shi daban, kada a cakuɗa shi da kuɗin shago. Da shi za a riƙa sayen maganin Mai Basilla har iya rayuwarsa. Kala huɗu ne yanzu, dubu biyu da ɗari uku a wata a farashin sari. Kada a ba shi kuɗi, yana da jikoki, kuɗin ba zai kai kanta ba. Magani za a ba shi, a kuma ƙirga masa kwana. In ya makara da kwana uku kada a jira, a je tasha. A shafin ƙarshe na koren littafi akwai mutum tara da ke kan farashin farko, masu suga da masu hawan jini. Abin da ya rage a cike musu da shi har ya ƙare.

Na bakwai. Shago. Babba, na san kana son a sayar wa kamfanin nan mai rassa da yawa. Sau biyu mutanensu suka zo gaishe ni, suna tambayar jiki suna auna bango da ido. In sayarwar ta kama, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan tayinsu, kusurwar nan suke so da mutanen da suka saba da ita, za su biya. Kuma ba zan ɓata su ba: farashinsu ɗaya, yana cikin kwamfuta, mai fata da mai silifas duk daidai. Sun fi ni adalci. Sai dai kwamfuta ba ta sanin wanda ya makara.

Roƙona, ba umarni ba, ku jira wata shida. A ƙimanta shagon, a fara yi wa Uwata tayi, ta riƙa biyan 'yan'uwanta kasonsu daga riba. Uwata, ƙusar da kika cire lasisinki daga kanta tana nan, na wancan mutumin a wata ƙusar na rataye shi. In kin karɓa, ki goge fensir, ki rubuta farashi ɗaya da manyan baƙaƙe inda kowa zai gani, ki cire madubin. Na lissafa miki: kashi ashirin da biyu cikin ɗari a dunƙule zai riƙe shagon, ya riƙe mutum ɗaya da ba ya son sake mota duk shekara. Ba za ki samu abin da na samu ba. Za ki iya kallon mutum a fuska, wannan ni ban san nawa ake sayar da shi ba. In kin ƙi, ba ki yi laifi ba, asibitin da kike aiki ma mutane ne a cikinsa. Amma ƙirga kwanakin Mai Basilla ke na ɗora wa, ko shago na nan ko ba ya nan.

Babba, ranar rasuwar mahaifiyarku ka ce wa ƙanwarka ta gudu ta bar tsoho da aiki saboda girman kan karatu. Ta yi shiru, shekara shida ba ku haɗa ido ba. Shirun nan asirina ta rufa da shi. Yanzu ka sani. Kai ne babba, kai za ka je wurinta, ba ta waya ba.

Na takwas. Keken ɗinkin mahaifiyarku da kujerarta, in kun amince a tsakaninku, a bar wa Uwata. Agogona Auta ya daɗe yana kallonsa, yana gudu da minti huɗu, kada ya gyara, zai taimake shi. Sikelin tsohon shago Babba ya ɗauka, shi ne kaɗai abin da bai taɓa yi wa kowa ƙarya a wurin nan ba.

Na tara. Alhamis uku ke nan ina shirin gaya wa Mai Basilla da bakina. Ta farko mai saye ya shigo. Ta biyu yana ba ni labarin jikarsa ta fara tafiya. Ta uku ba wanda ya shigo, ba labarin kowa, ya ɓare mini lemu na karɓa na sha. Ni da na sayar wa mai ƙoshin lafiya ƙarin jini shekara talatin, na rasa kalma. Tsorona ɗaya ne, kuma ba na kirki ba ne: kada ya tashi ya tafi, Alhamis ta zama kamar Laraba. Zan sake gwadawa jibi. In na yi, zan ja layi a ƙarƙashin wannan sakin. In kun ga babu layi, Uwata ta karanta masa na biyar gaba ɗaya, kada ta tsallake lamba ko ɗaya, ta miƙa masa kuɗinsa. Kada ku roƙe shi ya yafe, kada ku tsaya a kansa kuna jira. In ya yafe, alherinsa ne. In ya ƙi, haƙƙinsa ne. Ko ya zage ni har tasha, maganinsa ranar talatin ga wata.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku, ya ba ku arzikin da ba sai an juya kwali an ɓoye ƙasansa ba. Na yafe muku duk abin da kuke zaton kun yi mini, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna. Ku ukun nan ba ku da wani reshe, in ɗaya ya makara da kira, sauran biyun su je su duba, kada su ce wataƙila yana samu a wani wuri.

Ranar da za ku zauna karɓar gaisuwa, takalma za su taru a ƙofa. Kada ku duba su, wannan aikin ya ƙare da ni. Sai guda ɗaya: za ku ga silifas da na hagu ya cinye a gefe saboda jan ƙafa. Mai shi ku tashi ku ukun ku shigo da shi, ku ba shi kujerata.

Mahaifinku.